Furen da Ake Maƙalawa a Jiki: Yadda Ake Kare Shi Daga Yaushi a Bukukuwan Dutse Alhaji

Furen da aka tsoma a kwalba yana da ruwan da zai ci gaba da sha har ya yi kwanakinsa. Wanda aka maƙala a ƙirjin kwat ɗin ango, ko aka ɗaura wa uwar amarya a wuyan hannu, ko aka soka a gashin yarinyar da za ta tarbi babban baƙo, shi kam ya rabu da ruwa tun sa'ad da aka naɗe tsinkensa. Abin da ya sha kafin nan shi ne guzurinsa. Da shi zai jure ɗumin jikin mai shi, da fitilun masu ɗaukar hoto, da rungumar dangi, har a tashi taro. Shi ya sa mafi yawan aikin kare irin wannan fure daga yaushi yake ƙarewa tun kafin a fara biki, a kan teburin mai haɗa shi da cikin mazubin da aka adana shi.

A Dutse Alhaji aikin yana da nasa wahalhalu. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Bwari, a kan hanyar da ta rabu da babban titin Kubwa ta nufi Bwari, a ƙasar da Gbagyi suke zaune tun asali. Tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, ma'aikata da 'yan kasuwar da kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfinsu suka yi ta tururuwa zuwa nan, har ya zama matattarar Hausawa da Yarbawa da Ibo da mutanen Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna. Da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure a masallaci ko a coci ba, ga dina, ga bikin yaye ɗalibai. Sau da yawa a gida ake shiri, taron kuma a yi shi a Kubwa ko Gwarinpa ko Wuse. Tsakanin nan da can akwai rana, akwai cunkoso, akwai hayaƙin motoci, kuma babu mai rantsuwa cewa wutar lantarki za ta kwana a daren jajibiri.

Sanya ɗanyen fure a jiki ba ya cikin tsohon adon Bahaushe. Kwalliyar amarya lalle ce da kitso da kwalli da zinariya da humra da turaren wuta. Ta ango kuwa aikin allura ne a ƙirjin babbar riga da hula mai tsada. Mutane sun daɗe suna ganin wuyan ango da amarya cike da furanni a finafinan Indiya, masu zuwa Hajji da Umara kuma sun san ƙanshin wardin Ɗa'ifa, amma dina ce ta shigo da furen cikin bikin Hausawan birni, tare da kwat da doguwar rigar amarya da anko. A wajen maƙwabta masu ɗaura aure a coci ya riga ya zama jiki tun zamanin mishan.

Wane fure, daga ina

Mafi yawan furannin ado da ake gani a rumfunan kasuwa na roba ne ko na yadi, kuma ba abin rainawa ba ne, domin ba su san rana ba, ba su san ɗauke wuta ba. Abin da suka rasa shi ne ƙanshi da taushin gani, kuma don waɗannan biyun ake jure ɗawainiyar ɗanye.

Ɗanyen yakan zo ta hanya uku. Akwai wanda manyan shagunan cikin birni suke saukewa ta jirgin sama daga Kenya ko Habasha ko Holan. Wardin Kenya mafi yawansa daga gonakin gefen tafkin Naivasha yake fitowa, wuri mai tudu da sanyi, kimanin mita 1,900 sama da teku. Akwai na Jos, inda tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200 ya sa wardi da wasu furannin ƙasashen sanyi suke yi. Na uku shi ne na gida, wato abin da ake yankowa a tsakar gida ko a wajen masu lambun fulawa da suke jere a bakin titunan Abuja. Wanda aka sauke ta jirgi ya riga ya yi kwanaki a hanya cikin sanyi, don haka da zarar ya fito zafin Abuja sai ya fara gudu. Mai saye ya ɗan matsa gindin kan wardin da yatsu biyu: idan ya ji tauri, sabo ne; idan ya ji laushi, ya kwana biyu. Ya dubi bakin tsinken kada ya yi baƙi ko santsi, ya dubi fuskar furen kada a samu ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa.

Zaɓen iri shi ne rabin aikin, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara, don ido yakan bi abin da aka gani a hoton Instagram wanda aka ɗauka a ƙasar da zafinta bai kai rabin na watan Maris a Dutse ba. Okid mai ƙananan furanni, da kaneshan, da kirisantimam ƙanana, su ne masu juriya idan babu ruwa, saboda kaurin fatarsu. Wardi yana bin bayansu muddin an ɗauki wanda bai gama buɗewa ba, kuma ƙananan wardi masu fitowa da yawa a reshe ɗaya sun fi manya riƙe kansu. Haidiranjiya da tulif kuwa bai kamata su hau ƙirjin kowa a wannan yanki ba, kafin a gama gaisawa sun sunkuya. Lili yana da kyau, sai dai garin da ke tsakiyarsa yana rina farin yadi da wani launin ruwan goro mai wuyar fita, dole a tsinke kawunan da ke ɗauke da garin tun furen yana fara buɗewa.

Furannin gida suna da nasu halin. Furanjifani, mai fari da rawaya a tsakiya, yana da ƙanshi kuma yakan kai yini, amma duk inda yatsa ya murza shi sai wurin ya yi duhu, ga farin ruwan da ke fita daga tsinkensa yana sa ƙaiƙayi, sai an bari ya tsaya kafin furen ya taɓa fata. Haibiskas yini ɗaya ne rayuwarsa, ko an ba shi ruwa ko ba a ba shi ba. Idan an tsinke shi da sassafe yana fara buɗewa aka ajiye a wuri mai sanyi, yakan kai taron yamma. Bugenbila da ta cika katangun unguwa tana saurin yaushi in ba a zage ganyenta duka an tsoma ta cikin ruwa ba. Yasmin kuwa toho ake tsinka, a jera a zare, a naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, da yamma ya buɗe a jikin mai shi. Haka matan Indiya suke yi da wanda suke sawa a gashi.

Abin da ke kashe shi

Fure da aka yanke yana nan da rai. Yana numfashi, yana cin sukarin da ya tara a jikin uwarsa, kuma ruwa yana fita ta fatarsa da ganyensa ba tare da ido ya gani ba. Zafi ne ke hura wannan wuta. Masana tsirrai sun nuna cewa duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana ninka saurin numfashin sau biyu ko fiye. Ke nan furen da aka bari a ɗaki mai digiri 34, kamar yadda ake samu da rana a watan Maris, yana tsufa aƙalla sau takwas fiye da wanda ke cikin sanyin digiri 4.

Bayan zafi sai toshewar hanyar ruwa. A cikin tsinke akwai siraran bututu da ruwa ke bi zuwa kan furen. Da an yanke shi sai iska ta shige su, idan kuma ruwan da aka tsoma shi ba mai tsabta ba ne, ƙwayoyin bakteriya su taru su liƙe bakin. Wardin da wuyansa ya lanƙwashe alhali yana cikin bokiti, wannan ne ya same shi.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa, wato iskar etilin. Ba ta da launi, kuma ɗan kaɗan ɗinta ya isa ya sa kaneshan ya rufe fuska ya naɗe, okid ya zubar da furanni. Wani masani ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya gano a 1901 cewa ita ce ke karkatar da tsiron waken fis a ɗakin bincikensa, daga iskar gas ɗin fitilu. 'Ya'yan itace masu nuna suna fitar da ita, musamman ayaba da tumatir da mangwaro da tuffa da gwanda. Tana kuma cikin hayaƙi iri-iri, na mota da na janareta da na taba da na itace. Gidan biki a Dutse Alhaji ya tara waɗannan duka wuri ɗaya: kwandunan tumatir na girki, murhun da aka kafa a waje, janareta a bakin taga, ga ɗakin amarya da kaskon turaren wuta ba ya mutuwa. Turaren yana gyara amarya da kayanta, amma fure ba ya son kwana a ɗakin da ake yin sa. A nema masa wani wuri.

Shayarwa kafin haɗawa

Da fure ya iso, ko daga shago ko daga lambu, abu na farko shi ne a ba shi ruwa ya ƙoshi. Na lambu a yanke shi bayan asuba kafin rana ta fito, a tafi da bokitin har gindin shukar. A wanke bokitin da sabulu tukuna. A zage duk ganyen da zai nutse. A yanke kamar tsawon gaɓar yatsa daga ƙasan tsinke, yanka na karkace, da wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, don almakashi marar kaifi murƙushe bututun yake yi. A tsoma nan take.

Shagunan fure sukan ba da wani gari a ƙaramar leda da ake zubawa a ruwan. In babu shi, ana haɗa makamancinsa a gida: a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a sa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami, babban cokali ɗaya na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic irin su Jik ko Hypo. Sukarin abinci ne, tsamin yana sauƙaƙa hawan ruwa, bilic ɗin kuma yana kashe ƙwayoyin da sukarin zai jawo. Sukari shi kaɗai ba tare da bilic ba ya fi cutarwa a kan amfani, bilic ɗin ma idan ya yi yawa ƙone tsinken yake yi. Sai a bar furen a inuwa, nesa da fanka, ya sha na aƙalla sa'o'i huɗu. In ya kwana yana sha ya fi.

Bayan nan ake haɗawa, kuma daren jajibiri ko safiyar biki ne lokacinsa. Ana rage tsinken ya zama gajere, a soka siririyar waya ta gindin furen don ta riƙe kan, a naɗe da tef ɗin fure, wanda takarda ce mai kakin zuma a jiki da ba ta kamawa sai an ja ta. Naɗin yana rufe bakin tsinke ya rage fitar ruwa. Masu ƙwarewa sukan liƙa ɗan jiƙaƙƙen auduga a bakin kafin su naɗe, ya zama ƙaramin tanadi. Wardi a cire masa fatun waje biyu ko uku da suka sha wahalar hanya. Gam mai zafi da ake liƙa furen roba da shi yana dafa ɗanye, akwai gam na sanyi da aka yi don wannan aiki. Hannu ya kasance a wanke, babu mai babu turare, kuma ta tsinke ake riƙe fure, ba ta fuska ba.

Inda zai kwana

Abin da furen da aka gama haɗawa yake nema shi ne sanyi da laima tare. Ana samun roba mai murfi da ke rufuwa gam, a shimfiɗa tishu ko farin ƙyalle da aka jiƙa aka matse, a kwantar da furannin ba tare da wani ya hau wani ba, a yi musu feshin ruwa sama-sama, a lulluɓa wani tishun mai laima, a rufe. Wanda ya taɓa ganin yadda mai goro yake lulluɓe huhunsa da ganye, yana yayyafa ruwa ba tare da ya jiƙa goron sharkaf ba, ya riga ya san ka'idar. Rufaffen mazubin yana kuma tare etilin da warin albasa da daddawa.

Firjin gida yakan tsaya a wajen digiri 4, kuma ya dace da wardi da kaneshan da kirisantimam. A sa mazubin a ƙasa ko a tsakiya, kada ya jingina da bangon baya inda ƙanƙara ke kamawa, a kwashe 'ya'yan itace daga ciki. Firiza kuwa kabari ce ga fure: ruwan jikinsa ya daskare, ya fito kamar lafiya, bayan minti kaɗan ya yi baƙi ya narke. Furannin ƙasashen zafi, irin su okid da furanjifani da anturiyam, ko sanyin firji ba sa jurewa. Ƙasa da digiri 10 sai su yi tabo. Wajen digiri 13 suka fi so.

Idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa kimanin sa'o'i huɗu, amma a gidan biki babu firjin da ake bari a rufe. Don haka kula ta fi zama abin dogaro. A jera ƙanƙarar leda ko daskararren fiya wata a ƙasa, a ɗora kwali ko tawul mai kauri, sannan mazubin furen a kai, kada ya taɓa ƙanƙarar. Kular ta zama ta fure kaɗai, don wadda ake ɗiban lemo a ciki ba ta hutawa.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar wuta ko ƙanƙara. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da ƙyalle mai laima, kuma a kanta ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin ciki. Don kayan miya aka yi ta, amma sanyinta mai sauƙi ya yi daidai da furannin da firji ke ƙonawa. Tukwanen ba su da wuyar samu, tunda Ushafa mai sana'ar ginin tukwane tana nan kusa. Ta fi aiki a hunturu da bazara lokacin da iska ta bushe, da damina ƙarfinta raguwa yake yi.

Kowane lokaci na shekara da irin ɓarnarsa. Bukukuwa sun fi yawa a Disamba, lokacin da iskar hunturu take tsotse ruwan fure cikin ɗan lokaci, gefen fatarsa ya bushe ya ƙanƙance, don haka laima ce abin kula. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi ne abokin gaba, kuma a makon 14 ga Fabrairu wardi yakan yi tsada a ko'ina. Da damina, lokacin da makarantu suke yaye ɗalibai a Yuli, matsalar juyawa take yi: ruwan da ya kwanta a fuskar wardi cikin rufaffen mazubi yana jawo wata fumfuna mai toka-toka da ke ruɓar da shi cikin dare ɗaya. A wannan lokaci a jiƙa tishun kawai, a bar furen a bushe.

Daga gida zuwa ƙirji

Hanya tana lalata abin da dare ya tsare. Motar da aka rufe aka bari a rana zafin cikinta yakan wuce digiri 50. Kular ta zauna a ƙasan kujerar baya, inda rana ba ta bugawa. A Keke Napep ko kan babur, iska da hayaƙi sun isa su gama da furen da aka riƙe a buɗe. A naɗa mutum ɗaya daga ƙawayen amarya ko abokan ango wanda amanar kular take hannunsa, domin abin da aka bar wa kowa shi ake mantawa a kan bonet.

Fure shi ne ƙarshen abin da ake sawa. A gama kwalliya, a gama ɗaurin ɗankwali, a fesa turare da man gashi su bushe tukuna, saboda sinadarin turaren feshi yana ƙona fatar fure ya bar tabo. Dina da aka ce ƙarfe bakwai ba kasafai take farawa a lokacin ba, don haka a bar shi cikin mazubi har sai an tsaya a ƙofar shiga. A fito da shi minti kaɗan kafin a maƙala, raɓar da ta taru a jikinsa ta sha iska, musamman idan a kan shadda ko siliki zai zauna, tunda ɗigon ruwa yana kashe sheƙinsu.

A kwat, gefen hagu ake sa shi, a soko fil ta bayan kwalar ya ratsa tsinken a wajen kauri ya koma ciki. A leshi da yadi marar nauyi, ƙaramin fure da fil biyu a gicciye sun fi, in ba haka ba ya rinjayi rigar ya kife. Akwai masu amfani da maganaɗisu don kada a huda yadi mai tsada, amma wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya nisance shi. Babbar riga da kaftani mai aiki a ƙirji ba su da gurbin fure, aikin da ke jikinsu ya wadatar, kuma fil yana jan zaren. Na wuyan hannu ya fi shan wahala saboda gaisawa da wanke hannu, a ɗaura shi a hannun hagu, a cire lokacin alwala. Na gashi kada ya kwanta kai tsaye a kan man kitso, a ɗora shi a kan ɗan matsefi ko shirin gashi.

Ga ango da amarya, waɗanda za su yini ana runguma ana turereniyar liƙi a kansu, hikima ita ce a haɗa biyu-biyu, ɗaya na ɗaurin aure da hotunan rana, ɗaya ya jira a kula don dare. Idan babu na canji kuma wardi ya fara sunkuyar da kai, a cire shi, a yi masa feshi, a mayar cikin mazubi mai sanyi na rabin sa'a, sau da yawa yakan ɗan farfaɗo. Wanda fatarsa ta riga ta yi duhu ba ya dawowa, sai dai a tsinke fatar wajen a bar ta ciki. Mai son ajiye nasa bayan biki ya kwance ƙyallen ado da audugar, ya rataye shi kai a ƙasa a ɗaki mai duhu da iska. Da hunturu yakan bushe cikin mako ɗaya ko biyu, da damina kuwa sai an sa shi cikin rufaffiyar roba tare da ƙananan ƙunshin tsotse laima irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi.